Turken jirgi a ƙasar goriba

Matafiyin da ya taso daga Damagaram bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ya nufi Maraɗi, kafin ya shiga Tasawa sai ya ratsa wani gari da ake kira Maijirgi. In baƙo ne, sunan kan sa shi leƙawa ta tagar mota yana neman ruwa. Amma abin da idonsa zai gani bai wuce jigawa da gonakin hatsi ba, da itatuwan gawo tsattsaye cikin gonakin, da mata bakin rijiya suna jan wasaki. Babu kogi, babu mashigi, balle kwale-kwale. Waɗanda suka yi karatun tarihi a lakwal da wani abu dabam suka san garin. A nan ne tafiyar Voulet da Chanoine ta ƙare cikin watan Yuli na 1899, lokacin da sojojinsu suka juya musu bindiga, kwanaki kaɗan bayan an harbe Kanar Klobb a Dankori. Kaburburan su biyun suna nan har yau.

To amma ƙasar Tasawa da Mayahi ba ta rasa alaƙa da jirgin ruwa ba. Cikin watan Janairu na 1851 wasu Turawa biyu ƴan Jamus, Barth wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdul Karim, da abokin tafiyarsa Overweg, sun sauka Tasawa. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su ƙarƙashin jagorancin Richardson, kuma ayarinsu ya baro Tarabulus tun watan Maris na 1850 ɗauke da wani kaya da ba a saba gani bisa raƙumi ba, wato jirgin ruwa na katako da aka raba gida huɗu, aka ƙetaro Sahara da shi ta Murzuk da Gat da Abzin. Daga Tasawa Barth ya bi ta Gazawa ya yi Katsina da Kano, shi kuwa Overweg ya yi Maraɗi da Gobir. Daga baya suka sake gamuwa a Kukawa ta Barno, aka harhaɗa jirgin a Maduwari, bakin Tabkin Cadi, aka sa masa suna Lord Palmerston. Da shi Overweg ya yi makonni yana yawo tsakanin tsibiran Buduma cikin daminar 1851, shi ne kuma Baturen farko da ya yi hakan. A Maduwari ɗin ya rasu cikin watan Satumba na 1852. Wani abin mamaki kuma, garin Faransa da Tasawa ta ƙulla ƙawance da shi a shekarun 1990, wato Conflans-Sainte-Honorine, a mahaɗar kogunan Seine da Oise yake, kuma shi Faransawa ke ɗauka babban birnin masu jiragen dakon kaya na cikin kogi.

Ruwan ƙasar kuwa, sai an sauka daga gudoro an bi hanyar rairayi ake ganinsa. Gulbin Kaba kwari ne mai faɗi wanda ya shigo daga wajen ƙasar Katsina, ya bi ta Gazawa, ya gitta yamma da Tasawa, ya haura arewa har Mayahi, sa'an nan ya karkata yamma ya koma Najeriya ta wajen kwarin Rima. Sunan gulbi dai ya rage masa, amma ya daɗe da barin gudu irin na kogi. Da rani rairayi ne da goriba iyakar gani, kuma daga kaba, ganyen ƙananan goriba, ya samo sunansa. Da ita mata ke saƙa tabarmi, da ita ake tufka igiya, ranar kasuwa a Mayahi ko Tasawa a ga ɗaurinsu jibge ana lodi. Da damina kuwa ƙoramu kan zubo daga jigayi, ruwa ya kwanta inda ƙasa ke da laka, kwarin ya zama tabki nan, tabki can. Wani ya yi wata biyu ya ƙafe, wani ya kai har tsakiyar ɗari. Cikin garin Tasawa ma akwai tabkuna masu tara ruwan unguwanni, waɗanda a shekarar ruwa mai yawa sukan tumbatsa su shiga gidaje.

Inda ruwa ya kwana biyu ba a rasa kifi. Gaiwa takan shige laka ta yi barcinta na rani har ruwan farko ya tashe ta, tarwaɗa tana jure ruwa mai ɗumi da dauɗa, karfasa kuwa sau da yawa ma'aikatan gandun daji ne ke zuba irinta a tabkunan da ke daɗewa. A ƙaramin tabki masunci ba ya bukatar kome sai gora da homa. Ya kwanta bisa goran, ya tura kansa da ƙafa, in ya gama ya saɓa abinsa a kafaɗa ya tafi gida. Mai gora ba shi da zancen turke. Sai tabki ya yi faɗi, ana son shimfiɗa raga da mamari a tsakiya, sa'an nan ake kawo jirgi bisa amalanke ko bayan motar kaya. Masu wannan aiki galibi baƙi ne masu bin ruwa duk inda ya kwanta. Bakin tabki suke kafa bukka, nan suke banda, nan suke kwana cikin sange, jirginsu na gabansu.

Makarantar irin waɗannan masunta a jahar Maraɗi ita ce Madarumfa, kimanin kilomita 20 kudu da birnin Maraɗi. Tabkinta shi ne ruwa mafi girma a jahar, kuma rani ba ya ƙafar da shi. Gulbin Gabi ke ciyar da shi, Gulbin Maraɗi ma kan ƙara masa in ya yi ambaliya. Faɗinsa kan kai hekta 800 in ya cika, ya koma wajen rabin haka kafin wata damina. Kewaye da shi akwai kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta. A 2006 Nijar ta sa tabkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, a ƙarshen 2019 kuma aka shigar da shi cikin yarjejeniyar Ramsar mai kare dausayi. Abin lura ga mai jirgi shi ne wancan rata tsakanin cika da raguwa, domin wurin da aka kafa turke cikin watan Satumba lambu ne cikin watan Maris. Wanda ya tashi a Madarumfa ya san gaɓa ba ta zama wuri ɗaya. A tabkunan kwarin Kaba kuwa, inda ruwa kan zo cikin dare ɗaya, nan ake gane wanda ya riƙe wannan karatu.

Wata yamma cikin watan Agusta, a bakin wani tabki tsakanin Tasawa da Mayahi, wani dattijon masunci ya dawo daga shimfiɗa raga tare da ɗan ƙanensa, yaro ɗan shekara 15 da ya girma cikin shanun amalanke, wannan ce kuma daminarsa ta farko a ruwa. Dattijon ya fita ya nufi bukka, ya bar wa yaron ɗaurin jirgi. Yaron ya jawo goshin jirgin har ya taɓa ƙasa, ya kafa turke daidai bakin ruwa, ya ja igiya ta miƙe kamar tsirkiya, ya ƙulle.

— Baba, na ɗaure.

Dattijon ya waiwayo, ya dubi igiyar, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa.

— Doki ka ɗaure, ko jirgi?

— Jirgi, Baba. Ko sa ba ya tsinke wannan ɗauri.

— Sa bisa ƙasa yake tsaye, ɗana, ƙasa kuwa ba ta tashi da dare. Kwance, mu sake.

Abin da suka yi bayan haka shi ne aikin da duk mai kwana da jirgi bakin ruwa ke yi, ko a Madarumfa, ko a kogin Isa, ko a bakin teku. Tun farko dattijon gaɓar gabas ya zaɓa, domin a wannan ƙasa hadari daga gabas yake tasowa da iska mai ƙura gabansa, kuma duk kaɗawar ruwan tabki gaɓar yamma take ƙarewa. Suka tuge turken daga laka suka kai shi tudu inda ƙasa ke da tauri, suka kafa shi a karkace, kansa na kallon tudu, don kada jan igiya ya zare shi. Inda akwai gindin goriba ko na bagaruwa kusa, shi ya fi kowane turke. Sa'an nan suka tura jirgin baya har ya rabu da ƙasa, domin jirgin da cikinsa ya kwana yana gugar gaɓa, ruwa na ɗaga shi yana bugawa, ƙusoshinsa ne ke saki. Daga bayan jirgin kuma suka jefa nauyi cikin ruwa. Manyan jiragen teku suna da ƙarfe mai ƙugiya da ake kira anka. A nan tsohon ƙarfen mota ne, ko buhu cike da rairayi, tun da dutse abu ne mai wuyar samu a ƙasar jigawa. Da ɗauri biyu, ɗaya a tudu ɗaya cikin ruwa, jirgi ba ya juyawa ya ba iska haƙarƙarinsa, wanda ta nan ne ruwa ke bi ya cika shi.

Babbar magana kuwa tana ga tsawon igiya. Nauyin da ke ƙasan ruwa yana riƙo ne in ana jansa a kwance. In igiya ta gajarta ta miƙe tsaye, kaɗawa ɗaya ta isa ta ɗaga shi. Matuƙan jiragen teku sukan saki igiya ninki 5 zuwa 7 na zurfin ruwan. Dattijon bai san wannan lissafi da lamba ba, da gaba yake awo, amma inda ruwa ya kai masa ƙugu sai ya saki gaba uku ko huɗu, abin kuwa ya zo ɗaya. Igiyar tudu ma ya bar mata rara, daidai yadda jirgin zai iya tashi kamu biyu ba a danne masa goshi ba. Igiyar kaba tana da arha, a nan ake tufka ta, ƙullinta ba ya zamewa, sai dai in ta daɗe a jiƙe takan ruɓe. Ta roba da ake saye a kanti tana jure ruwa, amma rana na cinta, ƙullinta kuma yana da santsi sai an ninka. Saboda haka ya sa ta roba cikin ruwa, ta kaba a tudu, ya naɗa tsumma inda igiyar ke gugar katako.

Da suka gama sai ya karya kara ya soke shi daidai inda ruwa ya tsaya. Wannan kara shi ne ma'aunin mai kwana bakin ruwa, a dube shi bayan magariba, a dube shi bayan lisha, a kuma dube shi duk sa'ad da aka farka. Bukkarsu can sama take, bayan layin yayi da busasshen kashin awaki da ruwan bara ya bari a jikin gangare, domin inda ruwa ya taɓa kaiwa zai sake kaiwa. Suka kwashe matuƙi da gwangwala da sauran raga suka kai bukka, suka kwalfe ruwan cikin jirgi da ƙwarya. Ba su kuma yarda sun ɗaure kusa da mashaya ba, saboda garken da ke saukowa da asuba ba ya ganin igiya.

Bayan lisha iska ta taso, ta yi ta kaɗa goriba kamar rabin sa'a, aka yi ɗan yayyafi da bai ko kashe wutar banda ba, gari ya yi shiru, sai kukan kwaɗi. Walƙiya dai na ta yi can nesa. Wanda bai san kwari ba zai ce hadari ya wuce, ya ja bargonsa. Amma ruwan da ya zuba bisa jigayi masu nisa yana nan tafe cikin ƙorama, kuma sai bayan sa'o'i yake isowa. Wajen ƙarfe 3 na dare dattijon ya haska cocila, ya ga karan ya nutse. Kafin kiran sallar asuba ruwa ya shafe wurin da yaron ya fara kafa turke, ya wuce shi da taki goma. Jirginsu ya tashi tare da ruwan, yana lilo a hankali tsakanin igiyoyinsa biyu.

— Baba, ai ba a yi ruwa ba jiya.

— An yi, ɗana. Ba bisa kanmu aka yi ba.

Can gaba kaɗan akwai wani jirgi da bai yi wannan sa'a ba. Wani saurayi ne ke aiki da shi, amma mallakar wani ɗan kasuwa ne na cikin gari, wanda ya saye shi tare da raga bisa sharaɗin a raba abin da aka kama. Don tsoron ɓarayi da yara masu kwance jirgi su shiga wasa, mai shi ya ba da sarƙa da kwaɗo, ya ce kullum a kulle. Sarƙar gajera ce, an kuma zarga ta a saiwar itace daidai bakin ruwa. Da ruwa ya hau, bayan jirgin ya tashi, goshin ya kasa, ruwa ya shiga ta gaba ya cika shi. Da safe gefen katako kaɗai ake hange. Mutum shida suka taru suka tsamo shi, amma ragar da aka bari ciki ta fita ta sarƙe cikin ƙayar bagaruwa, ta zama tsumma. Masu sayen kifi da suka zo bisa babura da mata masu suya suka wuce saurayin, yana zaune yana lissafin abin da zai faɗa wa Alhaji da bashin da ya hau kansa tun damina ba ta raba ba. Tsoron mai jirgin ba na banza ba ne, domin tabkuna sun sha cin ran yara da suka shiga jirgin da ba kowa. Kuskuren kawai shi ne an sayi kwaɗo, an yi rowar sarƙa.

In damina ta wuce sai wahalar ta juya. A wannan yanki rana da iska suna iya shanye fiye da mita 2 na ruwa a shekara, ban da abin da ƙasa ke tsotsewa da abin da dabbobi ke sha. A gaɓa mai shimfiɗe, raguwar yatsa biyu a zurfi taki da yawa ne a faɗi. Wanda ya ɗaure jirgi ya tafi kasuwar Tasawa ya yi kwanaki, yana iya tarad da shi zaune cikin taɓo, ba ya turuwa, ba ya jawuwa. In kuwa ya bushe a rana, katako ya tsuke, haɗin ya buɗe, sai an sake cusa auduga an shafe da kwalta. Saboda haka da ɗari kullum turke gaba yake ci yana bin ruwa. Wasu ma in za su daɗe ba su yi aiki ba, da gangan suke nutsar da jirgin su danne shi da nauyi, domin ruwa ya fi rana tausayin katako. Mutanen N'Gigmi sun ga babban misalin wannan ja da baya. Tabkin Cadi da ya kai kimanin murabba'in kilomita dubu 25 a farkon shekarun 1960 ya tsuke bayan farin 1973 da na 1984, har garin da jirage ke tsayawa bakinsa ya koma sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga ruwa.

Darasin karan nan bai tsaya ga masunta ba, domin ruwan jahar Maraɗi yawancinsa daga wani wuri yake zuwa. Gulbin Maraɗi shi ne kogin Gada na ƙasar Katsina, wanda aka datse a Jibiya wajen 1990. Cikin watan Yuli na 1990 kuma Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri bisa yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa, wadda ta ambaci Gada da Gulbin Maraɗi, ta kuma ambaci Tagwai da El Fadama, mafarin kwarin Kaba. Abin da aka yi can sama, ko ruwan sama ne ko buɗe ƙofar madatsa, a nan ƙasa ake ganinsa, sau da yawa kuma ba ya yin sallama. Tsohon garin Maraɗi cikin kwari yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashe shi aka mai da shi tudu. A daminar 2024 ambaliya ta halaka kusan mutum 400 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyon 1 da rabi, kuma jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Masu raba filaye a ma'aikatar magajin gari, da ƴan kasuwar da ke sayen fili mai arha bakin tabki don gina kanti ko mangaza, da rani suke zuwa awo, lokacin da ruwa ya ja baya, ƙasa ta bushe ta yi kyan gani. Alhali layin yayi na nan a jikin gangare, tabon ruwa na nan a gindin goriba da katangun tsoffin gidaje, ga duk mai son dubawa. Dattawan unguwa kuma sun san inda ruwa ya tsaya a kowace babbar damina, tambayarsu kuwa ba ta cin ko dala. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Da hantsi dattijon ya ciro ragarsa, ya sayar da tarwaɗar da ta samu, ya ba saurayin nan tsohuwar raga ɗaya aro har Allah ya buɗa. Da yamma ta yi suka dawo gaɓar gabas. Wannan karon ba wanda ya ce da yaron kome. Ya tuge turke ya kai shi sama, ya auna igiya da gabansa, ya jefa buhun rairayi, sa'an nan ya karya sabon kara ya soke shi bakin ruwa. Allah ya sa damina ta zo da alheri, ya tsare na tudu da na cikin ruwa.